Zarto Mai Inji Ba Gatari Ba Ne

An wallafa ra'ayin cewa wanda ya iya gatari ya iya zarto mai inji, saboda haka masu sare darbejiya a Kazaure da Roni ba sa buƙatar horo.

Yaushe gatari ya taɓa zabura ya komo wa mai shi? Zarton kuwa, da zarar ƙarshen bakinsa ya taɓa reshe, sai ya yi tsalle zuwa fuska, shi ya sa ake haɗa masa birki, wato abin da ke tsayar da sarƙarsa nan take.

Mai gatari yana jin kukan kututture ya kauce, amma ƙugin inji yana toshe kunne, kuma tsohuwar ɗorawa mai kogo takan faɗi inda ba a nufa ba. Wa zai koya wa sabon hannu share hanyar gudu tun kafin ya ja igiyar injin?