Kafin A Yi Fomatin, A Kira Kwamfutar Da Lambarta

Makon nan ƙorafi na kawo, a kan masu gyaran da ba su da magani sai fomatin.

Watan jiya muna haɗa kundin gajerun labarai a wani shagon buga takardu. Rubutun mutum goma sha ɗaya yana cikin babbar kwamfutar da ke ƙasa, mu kuma muna gyara daga sama. Mai shagon ya ƙaro rauta ta biyu don intanet ya kai bene, washegari muka nemi kwamfutar ƙasa a jerin da Windows ke nunawa, babu ita babu dalilinta. Mai gyara ya zo, ko zama bai yi ba ya ce bairos ne, a goge komai. Da yawa cikin labaran nan ba su da kwafi a ko'ina.

Ɗan abin da na tsinta a poli ne ya cece mu. Na rubuta \\192.168.0.15 a saman fayel, wato lambar kwamfutar ƙasa, sai ga labaranmu reras. Lafiyarta ƙalau. Sunanta ne kawai ba ya isowa sama.

Kowace kwamfuta tana da suna, tana da lamba, kuma da lambar ake isa gare ta. Idan babu mai riƙe da rajistar sunaye, sai ta yi irin ta yaron da aka aika cikin gida: ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya, wai ana sallama da wance. Mai sunan ta amsa da lambarta. To amma rauta katanga ce, ba ta ƙetarar da irin wannan kira. Sabuwar rautar ta yanka wa bene nasa gidan, lambobinsa na farawa da 192.168.1, na ƙasa kuwa 192.168.0. Muna ta kira a gidan maƙwabta.

Gyaran bai ci minti goma ba. Muka kashe DHCP na rauta ta biyu, wato mai rabon lambobi, muka zare waya daga ramin WAN muka mayar LAN. Sama da ƙasa suka koma gida ɗaya. Inda aka raba da gangan kuwa, kamar makaranta ko babban ofis, can DNS ake buƙata, mai riƙe da rajistar da kowa zai tambaya daga kowane ɓangare. Wasu na rubuta suna da lamba da hannu a fayel ɗin hosts. Yana yi, amma ran da aka ɗauke wuta aka dawo, rauta ta sake rabo, sai ka ga suna yana nuna gidan wani.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai cewa a kunna SMB1 don tsohon jerin ya dawo. Ta wannan ƙofar WannaCry ya shiga a 2017, ya kulle fayel ɗin mutane a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila. Tun ƙarshen shekarar Microsoft ta fara sakin Windows 10 ba tare da shi a kunne ba. Kuma ko an kunna, shi kaɗai ba zai ƙetarar da kira katanga ba.

Na san mai gyara ma abincinsa yake nema, kuma fomatin ya fi kawo kuɗi a kan zare waya. Amma a wurinmu abin da ke cikin kwamfutar ya fi ita kanta tsada. Shi ya sa nake cewa duk wanda ya ajiye rubutunsa a shagon wani, ya nemi a rubuta masa lambar kwamfutar a takarda. Tawa tana cikin bangon littafin da nake yin daftari. A daren nan kuma na kwashe labaran goma sha ɗaya a filashi biyu, ɗaya na ba sakataren ƙungiyarmu.