Sabulun hannu a Jazira: a auna soda, a bar man girki a tukunya

Makon jiya wata yarinya 'yar ajina ta shigo makaranta tana ɓoye hannuwanta cikin mayafi. Da na ce ta ɗauki alli ta fito gaban allo, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ustaz, hannuna ciwo yake." Na duba. Tafin ya yi jawur, tsakanin yatsun ya tsattsage. Wanki ta yi wa gidansu da wani sabulu da aka sayo a kasuwa, irin wanda ake yankawa da wuƙa a jera a kan tire, babu takarda, babu sunan mai shi. Washegari ta kawo mini guntun. Jikinsa duk farin gari ne kamar kanwa, in ka matsa sai ya marmashe. Wanda ya haɗa shi da ido ya zuba soda, bai auna ba.

Ban kawo wannan labari don a ƙaurace wa sabulun hannu ba. A halin da Hasahisa da ƙauyukanmu ke ciki, da wuya mu iya rabuwa da shi. Magana ɗaya nake son yi: amfanin sabulu shi ne ya wanke, kuma ba zai wanke lafiya ba sai an san abin da aka zuba da nawa aka zuba.

Me ya dawo da shi kasuwa?

Kafin 15 ga Afrilun 2023, ba mai tunanin inda sabulu yake fitowa. Ka je kanti ka ɗauki na wanki ko na fanik ka biya. Mafi yawan masana'antun Sudan a Bahri da Omdurman suke, da Bager a kan hanyar Khartum zuwa Madani, kuma nan ne yaƙi ya fara cinyewa. A watan Disambar 2023 dakarun RSF, waɗanda muke kira Da'ama, suka kama Wad Madani, Hasahisa ma ta shiga hannunsu. Sojoji sun karɓe Madani ranar 11 ga Janairun 2025, Hasahisa ta biyo baya a watan Fabrairu. Mutane sun dawo sun tarar da shaguna a fashe, injuna a kwakkwance, wayoyin lantarki an kwashe.

Ga kuma faɗuwar kuɗi. Dalar da take kusan jine 600 kafin yaƙi ta haura jine 3,000 a kasuwar bayan fage cikin 2025. Duk abin da zai shigo ta Port Sudan sai ya biya wannan farashi, sannan ya biya kuɗin mota har Jazira. Uban gida da ya riƙe kuɗin cefane yana zaɓe tsakanin dawa, mai, gawayi da sabulu, kowa ya san wanda zai fara ajiyewa. Wannan giɓi ne mata da samari suka shiga cikewa da bokiti da muciya. Sun yi abin yabo, domin da babu gara ba daɗi. Sai dai da yawansu a waya suka ga yadda ake yi, bidiyon minti biyu, aka nuna musu motsawa da zubawa a kwali, ba a nuna musu sikeli ba.

Abin da sabulu ke iyawa

Ma'aikatar lafiya ta ayyana ɓarkewar kwalara a watan Agustan 2024, kuma daga lokacin zuwa cikin 2025 waɗanda suka kamu a faɗin ƙasa sun haura 100,000. Mu mazauna kambo da ƙauyukan bakin tur'a mun fi kowa sanin hanyar da take bi. Ruwan da dabba ta sha, shi aka yi wanki da shi, shi yaro ya ɗebo a jarka. Binciken masana lafiya a ƙasashe da dama ya nuna wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da kusan kashi 30 cikin 100. Aikin da yake yi mai sauƙi ne: yana kama maiƙo da dattin da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa a ciki, ruwa ya tafi da su. Ana buƙatar a cuɗa na aƙalla daƙiƙa 20, bayan fitowa daga bayan gida, bayan wanke wa yaro kashi, da kafin a taɓa abinci.

A nan sabulun da aka yi a tsakar gida bai gaza na kamfani da komai ba. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa sinadarai 19 a sabulun wanke hannu da ake tallatawa da sunan kashe ƙwayoyin cuta, saboda kamfanonin sun kasa nuna cewa sun fi sabulu zalla da ruwa. Na hannu yana da wata riba ma: gilisarin da ke fitowa lokacin da mai ya haɗu da soda yana zama a cikinsa, shi ya sa ba ya busar da fata sosai idan haɗin ya yi daidai. Amma kada a ɗora masa abin da ba nasa ba. Sabulu ba ya tsarkake ruwan sha. Wannan aikin tafasawa ne ko kulorin.

Ba baƙon abu ba ne a gidajenmu

Kakannin da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda suka kafa Mai Wurno a bakin Nilu Shuɗi, da alhazan ƙafa da suka tsaya noman auduga bayan an buɗe madatsar Sennar a 1925, sun zo da sana'o'insu. Agashe da godo-godo duk Sudan ta san na waye. Sabulun salo ma yana cikin kayan da aka zo da su, sai dai shi kanti ya kashe shi.

Na tashi na ga kakata tana yi. Takan ƙona karan dawa, ta tara tokar a tukunya mai huji, ta zuba ruwa ya riƙa ɗiga a ƙwarya. Ruwan tokar take dafawa da mai ko kitse, tana juyawa har ya kama jikinsa ya yi baƙi. In na matso sai ta ce, "Kai ɗan nan, ja da baya, wannan ruwa ba ya wasa da ido." Ba ta da sikeli, amma ta yi shekaru tana yi, kuma ruwan toka bai kai sodar kanti ƙarfi ba. Ban da wannan, akwai ɓawon aduwa, itacen da Larabawa ke kira hijlij, wanda ke kumfa in an daka shi a ruwa, akwai ganyen kurna da magarya da har yau ake wanke kai da su, ake yi wa mamaci wanka. Abin da ya sauya shi ne yanzu soda kawiya ake amfani da ita, wadda ke cin fata nan take. Hannun kaka ba zai auna ta ba.

Kayan haɗi da ma'auninsu

Sabulu abu uku ne: mai ko kitse, soda, da ruwa. Sauran duk ƙari ne. Kowane mai da adadin sodar da yake ci. Man gyaɗa, man riɗi, man ƙwayar auduga da na abbad-shams duk suna cin tsakanin giram 133 zuwa 138 a kowane kilo. Kitsen saniya ya ɗan fi haka, wajen giram 140. Man kwakwa kuwa ya wuce giram 180, shi ya sa wanda ya kwafi haɗin man kwakwa daga bidiyo ya zuba wa man gyaɗa zai fitar da irin abin da ya ƙona ɗalibata.

Man gyaɗa shi kaɗai yana ba da sabulu mai laushi, mai saurin narkewa, kumfarsa kaɗan. Kitse ne ke ba shi tauri. Haɗin da na gwada a gida shi ne giram 700 na mai, giram 300 na kitsen da aka narkar aka tace, giram 130 na soda, da ruwa kusan kashi ɗaya bisa uku na lita. Da gangan aka rage sodar kaɗan, don a bar ɗan mai da zai tausasa fata. Soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kan soda, domin tana iya tafasowa ta fantsamo fuska. Ba a yi a tukunyar alminiyam, soda tana cin ta. A nemi robar mai kauri ko silba mara tsatsa, a sa safar hannu, a kare ido, a yi a fili, a kori yara. In ta taɓa fata, a yi ta kwarara ruwa. Bayan an zuba a kwali an yanka, sai a jera a inuwa mako huɗu zuwa shida kafin a sayar. Wannan jira shi ne abin da mai neman kuɗin cefanen gobe ya fi tsallakewa.

Tukunya ko bokiti?

Ga inda lissafin ke da wuya. Ma'aunin Sphere da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi ya ce kowane mutum yana buƙatar giram 250 na sabulun wanka da giram 200 na wanki a wata. Gida mai mutum takwas, wanda ƙarami ne a wajenmu, yana buƙatar kilo 3.6. Kilo ɗaya na mai yana fitar da sabulu kusan kilo ɗaya da giram 300 bayan ya bushe. Ke nan wannan gida zai ƙona kusan kilo uku na mai kowane wata. A ƙasar da ake layin takiya don kwanon adas, wa zai ce wa uwa ta ɗebi man miya ta yi sabulu?

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a gina wannan sana'a a kan man gyaɗa da man riɗi masu kyau. Jazira tana da maiƙon da ba a ci. Akwai man da masu ɗa'amiya da zalabiya suka soya har ya yi baƙi, wanda ci gaba da suya da shi ma cuta ne. In an tace shi yana yin sabulun wanki mai kyau. Akwai kitsen da ke saura a wajen mahauta, a nan da hayin kogi su Rufa'a da Tambul. Akwai ɗanyen man ƙwayar auduga da ba a tace ba, wanda masana'antun sabulu suka daɗe suna amfani da shi. Ga 'ya'yan nim da ke zuba a kowane titi da harabar makaranta, ana share su ana ƙonawa, alhali mai ne a cikinsu. Ga ƙwallon aduwa. Sodar ce kawai sai an sayo, kuma buhu ɗaya mai kilo 25 zai ci kusan kilo 190 na mai. Wannan ba kayan mutum ɗaya ba ne. Mata ashirin su haɗa adashi su sayi buhu ɗaya da sikeli ɗaya, ya fi kowacce ta sayi ƙulli a leda ba ta san ƙarfinsa ba.

Tallan da ya wuce gona da iri

Akwai wata ɓarna ta daban da ke yawo a WhatsApp da Facebook. Sabulun kurkum mai sa haske cikin kwana bakwai, na habbatussauda mai maganin kowace cutar fata, na zuma mai goge tabo. Abin da zai zauna a jiki rabin minti ruwa ya wanke shi, yaya zai canja launin mutum? Kurkum, karkade, zuma da garin kurna suna ba da launi da ƙamshi da ɗan santsi, ba laifi a sa su. Amma duk sabulun da ya fara sa fata haske da gaske, to an zuba masa wani abu da ba a faɗa ba, kuma irin waɗannan sinadarai na bilicin, musamman zaiba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗin cewa suna lalata ƙoda da jijiyoyi. Yaron da ke da ƙazuwa ko makero asibiti ya kamata a kai shi. Kowane mako da aka ɓata ana shafa masa sabulun talla, ƙannensa ne ke kamuwa.

Abin da ya rage mana

Mu malamai muna da rawar takawa. A kwalejin horon malamai an koya mana yadda mai da soda ke zama sabulu, muka rubuta a jarrabawa muka manta. Yau darasin ya zo har ƙofar gida. Makarantar da ke da malamin kimiyya da sikeli ɗaya za ta iya tara iyaye mata yammacin Alhamis ta koya musu awo. Ƙungiyoyin da ke raba kwalin sabulu daga waje su duba ko ba zai fi ba su raba soda, sikeli, safar hannu da horo, su sayi abin da aka yi a nan su kai makarantu da cibiyoyin lafiya. Jami'an lafiya na ƙaramar hukuma da hukumar muwasafat su fara da koyarwa kafin kamu, su nemi kowace mai sayarwa ta rubuta sunanta da ranar da ta haɗa a jikin leda. Limamai kuma da suke tuna mana cewa tsafta cikon addini ce, su ƙara da cewa sayar wa mutum abin da zai ƙona shi algus ne.

Mai saye ma ya buɗe ido. In ka ga farin gari a jiki, ko yana marmashewa, ko ya yi maka zafi a hannu, ajiye shi. Tambayi mai shi yaushe aka yi, da wane mai.

Hannun ɗalibata ya warke. Na je gidansu na zauna da mahaifiyarta, na nuna mata guntun da abin da ya same shi. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To Malam, in awo ne kawai matsalar, ai sai ka koya mana mu yi namu." Mun sa ranar Alhamis mai zuwa a harabar makaranta. Ni zan kawo sikeli, ita ta ce za ta zagaya wajen masu zalabiya ta tara mai. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.