Auyo, Tsohon Gari

Yau zancenmu a kan Auyo ne, wani tsohon gari na ƙasar Haɗejiya.

Kafin jihadi Auyo ƙasa ce mai sarkinta, kamar Haɗejiya da Garun Gabas da Gatarwa da Kazura, dukansu kuwa Barno suke bi. Da Fulani suka ci ƙasar wajen 1808, a zamanin Sambo, sai aka haɗe su a hannun Sarkin Haɗejiya. Yau hakimi ke riƙe da Auyo, dagatai na binsa, masu unguwa na bin dagatai. In rigimar gona ko ta aure ta tashi, wurin mai unguwa ake fara kai ta.

Arzikin garin kogi ne. Fadama tana ba da shinkafa da alkama da kifi, mata su turara shinkafar, su aika da ita kasuwa. Shekarar da ruwa ya yi yawa kuwa, ambaliya ta cinye gonaki.

To, ga abin baƙin ciki. Auyokawa da harshensu dā, watau Auyokanci, ɗan'uwan harshen Badawa. Yanzu ba sauran mai jinsa, Hausa ta haɗiye shi. Harshe kuwa a bakin uwa yake rayuwa, ran da ta daina yi wa ɗanta shi, ya kama hanyar mutuwa. Haka labarin gari yake.

Saboda haka, ku 'yan makaranta, in an yi hutu ku ɗauki littafi ku zauna gaban kakanninku, ku rubuta abin da suka sani tun suna da rai.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.