Makabartar motocin Sin

Na gaji da masu cewa a fada wai Sin kwana ta yi ta tashi da motocin lantarki, kamar daga sama BYD ta faɗo. Wannan zancen malalata ne.

A 1956 aka ƙera babbar motar Jiefang ta farko a Changchun, kuma kwafin ZIS-150 ta Tarayyar Sobiyet ce. Wa ke tuna Shanghai SH760, motar manyan ma'aikata, wadda aka daina ƙerawa a 1991? Ina Xiali, ƴar jar taksin nan ta Tianjin, da aka samo daga Daihatsu Charade a 1986? Zotye ta kwaikwayi Porsche Macan, duniya ta yi mata dariya, bashi ya durƙusar da ita. Landwind X7 kuwa, kotun Beijin ce ta hana sayar da ita a 2019 don kamarta da Evoque.

A masana'antun waɗannan matattu ne injiniyoyin Sin suka koyi aiki. Da rarrafe yaro kan tashi, amma mu ɗalibi ya faɗi jarrabawa sau ɗaya sai mu ce daƙiƙi ne. Sin ta yi sama da shekara 60 tana faɗuwa tana tashi kafin mu fara tafa mata.