Hirar Bakin Rumfa: Jagaban Makaɗan Jita Na Agadas

 Zancenmu na wannan wata a kan wani makaɗin jita ne na ƙasar Nijar, Abdallah Umbadugu, wanda ya rasu cikin watan Janairu na 2020. Da yawa daga cikinku za su ce ba su taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa kiɗan nan da samarinmu ke sakawa a waya, wanda suke kira kiɗan Agadas, yana cikin mutanen farko da suka share masa hanya.

Kakanninmu fatake, waɗanda suka yi safarar goro tsakanin Kano da Gwanja, sun san aikin jagaba sarai. Shi ne mai wucewa gaban ayari, ya duba hanya, ya nemi mashigi a rafi, ya gyara zango tun jakuna ba su iso ba. Amma in ayari ya sauka lafiya, madugu ake yi wa barka, shi ake kaiwa gaban sarki. To, abin da ya sami Abdallah ke nan.

Ba'abzine ne, an haife shi a 1962 a ƙasar Agadas. Yana saurayi ya sami jita, ya zauna ya koya wa kansa. Waɗanda suka manyanta a cikinku ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, sa'ad da dabbobin makiyaya suka ƙare. Wannan fari shi ya kori samarin Abzinawa zuwa Aljeriya da Libiya neman abinci, har aka laƙaba musu suna ishumar, watau marasa aiki, kalmar da aka karkato daga Faransanci. Abdallah ya bi wannan hanya a shekarun 1980, can kuwa a baƙunci ya haɗa ƙungiyarsa ta makaɗa, Takrist n'Akal, ma'anarta gina ƙasa.

Ga yadda kiɗan yake, domin wanda bai taɓa kasa kunne ba. Abzinawa suna da kayan kiɗansu tun kaka da kakanni. Akwai tande, watau turmi da aka rufe bakinsa da fatar akuya, mata na kaɗawa. Akwai anzad, ɗan'uwan gogenmu mai tsirkiya ɗaya. Akwai kuma wani mai tsirkiya uku, kamar molo. Abin da su Abdallah suka yi shi ne suka ɗauko muryoyin waɗannan suka ɗora a kan jita. Babban yatsa yana riƙe da tsirkiyar nan mai kauri, yana maimaita murya ɗaya kamar takun raƙumi, sauran yatsu kuwa suna yawo a kan sirara, suna rera abin da goge zai rera. Jita ta biyu tana tsare amo, 'yan amshi na tafi. Waƙa ɗaya takan daɗe tana tafiya tana dawowa, ba a gaggauta ta. Da aka sami jitar lantarki sai sautin ya ƙara kaifi, har ya yi kama da kiɗan da Turawa ke kira rok. A Ingila ma, wajen 1970, an yi yayin irin wannan dogon kiɗa, inda waƙa guda takan cika gefen faifai.

To, me ya sa sunansa bai kai inda kiɗansa ya kai ba? Dalilin farko ciniki ne, ku 'yan kasuwa kun fi kowa ganewa. Waƙoƙin Takrist n'Akal na farko ba a ɗakin ɗaukar murya aka yi su ba. Rediyo mai kaset ake ajiyewa a gaban makaɗa, a danna, su yi ta kiɗa. Wannan kaset ɗin sai a kwafe shi, a kwafe kwafin, direbobi da matafiya su bi da shi gari gari. Kowane kwafi murya na ƙara dushewa, ba hoto, ba sunan makaɗa, ba ko anini da ke komawa hannun mai waƙa. Haja ce ta cika kasuwa ba tare da tambarin mai ita ba.

Dalili na biyu shi ne zamanin da ya faɗa ciki. Bayan abin da ya auku a Cintabaraden cikin watan Mayu na 1990, tawaye ya tashi a arewacin Nijar. Abdallah yana gefen 'yan tawaye, waƙoƙinsa kuwa su ne ke kai saƙo inda jarida ba ta zuwa, saboda haka hukuma ta hana su, wanda aka kama da kaset ɗin yakan shiga wahala. Shari'ar wancan rikici ba ta wannan shafi ba ce. Abin lura dai shi ne, shekarun da makaɗi ke yin suna, shi ya yi su ne kaset ɗinsa na ɓoye a cikin kaya.

Da aka sa hannu a kan sulhu ran 24 ga Afrilu, 1995, sai ya komo gida ya yi wasa a fili. A wannan shekara ce ya ɗauki waƙoƙin da aka sa wa suna Anou Malane a ƙasar Binin, a ɗakin ɗaukar murya na sosai. Sa'an nan ya yi abin da ya sa muka ce yabon gwani ya zama dole: ya buɗe makarantun koyon kiɗa guda biyu, ɗaya a Arlit a 2000, ɗaya a Agadas a 2003, domin yara su sami abin da shi bai samu ba, watau malami da kayan aiki. A 2006 kuma aka fitar da faifan ƙungiyarsa ta biyu, Desert Rebel, wadda ya haɗa da waɗansu makaɗa daga Faransa, cikinsu har da Amazigh Kateb, mutumin Aljeriya. Sun yi wasa a Turai, amma a nan wajenmu ko sunan ƙungiyar ba a cika ji ba.

Dalili na uku, sa'ad da kasuwar duniya ta buɗe sosai, na baya ne suka tarar da ita tana ci. 'Yan Tinariwen na Mali sun sami lambar Grammy a Amurka a 2012. Bombino, ɗan Agadas, ya fitar da faifansa Nomad a 2013, ya zaga duniya da shi. Mdou Moctar, wanda ya ƙera jitarsa ta farko da itace da wayar birkin keke, ya faɗa da bakinsa cewa kiɗan Abdallah ne ya sa masa sha'awar wannan sana'a. Ba mu yi musu hassada ba, gwanaye ne, sun kuwa ɗaga sunan ƙasarsu. Amma Anou Malane sai a 2019 wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sāke buga shi domin duniya ta ji, ba a jima ba mai shi ya cika.

Saboda haka muna da roƙo uku. Na ɗaya, ga masu rumfunan tura waƙa a waya: ku riƙa rubuta sunan mai waƙa. A kan faifai ana rubuta nasa da rubutun Faransanci, Abdallah Oumbadougou. Kada ku jibge kome a ƙarƙashin "kiɗan Agadas", domin ba wanda zai yarda a sayar da goronsa da sunan wani. Na biyu, ga dattawa da matafiya da 'yan'uwanmu Abzinawa mazauna zongo: wanda ke da tsohon kaset a adaka ya fito da shi, a ba yara masu kwamfuta su kwashe abin da ke ciki, a rubuta suna da shekara in an sani. Zaren kaset ba ya jure zafi da damshi, in ya manne ya tafi ke nan. Na uku, a kowane zongo akwai tsohon mai goge, ko mai garaya, ko mai kalangu, wanda ya koyar da yaran da yau ake kira wurin biki, shi kuwa yana zaune a zaure ba mai tambayarsa. Ku kira shi, ku ambaci sunansa a gaban jama'a, ku ba shi nasa tun yana iya miƙa hannu ya karɓa.

Allah ya jiƙan Abdallah Umbadugu, ya ba iyalinsa da almajiransa haƙuri. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Haza wasalam.