GAWA A CIKIN KWALBA

Na san ci gaban labari kuke jira, ku yi mini afuwa, wani abu ne ya tokare mini maƙoshi, in ban amayar da shi ba alƙalamin ma ba zai tafi ba.

Ƙanena da ke noma a ƙasar Gwaram ya je cin kasuwar Sara, ya tarar da wani mai lasifika a bayan mota yana tallar kwalabe. Wai takin ƙwayoyin halitta ne daga Indiya, wai ka shuka kurkur ka zuba masa murfi biyu, kai da buhun Yuriya har abada. Yaron nan ya lallashi matarsa ta sayar da tunkiyarta, ya sa aka kawo masa iri daga kudancin Kaduna, ya sayi kwalba uku. Ruwa ya ɗauke, ganye ya bushe, da ya tona ko irin da ya binne bai mayar ba.

Kada wani ya ce ilimin nake ƙaryatawa. Je ka tumɓuke gindin gyada ko wake, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. Fasa ɗaya, in cikinsa ja-ja ne, to ma'aikata suna ciki. Baktiriya ce mai suna Rizobiyam, tana kama naitirojin daga iska ta ba shuka, wato sinadarin da muke biyan kuɗinsa a buhun Yuriya. Tun 1888 wani Baturen Holan, Beijerinck, ya ware ta. Kakanninmu ba su san sunanta ba, amma sun san gonar da ta yi gyada bana, dawa za ta ji daɗinta baɗi. Ƙasar Birazil da irin wannan take noman waken suya, har Mariangela Hungria ta karɓi kyautar abinci ta duniya a 2025 a kan aikin. Nan gida cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar da Nodumax saboda waken suya.

To amma jama'a, abu mai rai fa ake magana! Inuwa yake so da sanyi, kuma yana da wa'adi. Ko a kan iri aka shafa shi da ƙaro, a inuwa ake shanyawa, a shuka ranar. Kwalbar da ta wuni a kan rufin mota cikin ranar Afrilu, yau Sara gobe Birnin Kudu, me ya saura a ciki in ba gawa ba?

Sannan kurkur ba dangin wake ba ne, ɗan uwan citta ne, ba ya yin ƙulle-ƙullen nan. Gaskiya ne a Indiya suna ba shi wasu irin baktiriya, cibiyar binciken kayan yaji ta Kozhikode har ƙwanso ta yi musu kamar na magani, amma taimako suke wa takin gargajiya da na zamani, ba korarsu suke ba. Kuma kurkur wata bakwai zuwa tara yake so a ƙasa mai laima. Damunarmu wata nawa ce? In ba fadama gare ka ba ko injin ban-ruwa, ko baktiriyar tana raye ba ta zama girgije.

Haushina ba a kan mai lasifika kaɗai yake ba, shi neman na tuwo ya fito, ko da ta haram. Ina masu digirin noma namu? Tun da taki ya yi tashin gwauron zabo a 2022, talaka duk abin da aka ce masa zai rage kuɗin buhu da gudu zai rungume shi. Ku kun san gaskiyar, kun kulle ta cikin Turanci a takardun taro. Ko suna ba ku raɗa mata ba, har yau kowace baktiriya a bakinmu "ƙwayar cuta" ce. Malamin gona ya yi shiru, ɗan damfara ya samu fili da lasifikarsa.

Ƙanena dai ya ce bana gyada zai mayar wa gonar. Maganar tunkiya kuwa tana gaban surukai, ni aka wakilta in je biko ranar Asabar.