Kayan aikinmu: injin zarton katako

Ƴan uwa manoma da makiyaya, in an gama girbi, samarinmu da yawa suna tafiya Maradi ko Damagaram koyon aikin katako. Can za su tarar da injin zarto. Zartonsa doguwar ɗamara ce ta ƙarfe mai haƙora, tana zagaya ƙafafu 2, ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Bai san katako ba, bai san yatsa ba.

Ga abin da za ku faɗa ma yaranku:

1. Kafin a taɓa cikin inji, a cire waya daga wuta. Kashe shi kaɗai bai isa ba.

2. Kullum da marece, a share dusar katako. In ta taru bisa ƙafafu, zarto zai goce.

3. A goge ƙaron da ya manne ma zarto da tsumma da ɗan gazuwal.

4. A duba gindin haƙora. In akwai tsaga, a canza zarto, don yana iya tsinkewa ana cikin aiki.

5. In an tashi aiki, a sassauta zarto. Da safe a ɗaure shi, a rufe murfi, kana a tada inji.

Zarto in ya lalace, ana sayen wani. Yatsa babu shi a kasuwa, kuma damina na jiran hannu bisa hauya.

Wanda ya karanta ya karanta ma maƙwabcinsa. Sai wata mai zuwa.